Amsa ga mai tambaya a kan tsohon cocin Wusasa

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa.

A taron da aka yi kan gine-ginen gargajiya ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: me ya sa tsohon cocin St. Bartholomew na Wusasa ya yi kama da masallaci ko zauren sarki, ko dabara ce ta 'yan mishan don su ja hankalin Musulmi? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS (Church Missionary Society) ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905. Daga baya aka fitar da mishan ɗin zuwa bayan ganuwa, gindin dutsen Wusasa, kuma a 1929 aka gina cocin. To, su wa za su gina shi? Maginan Zazzau, waɗanda suka gaji sana'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gwada a Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekara ɗari kafin nan. Siminti kuwa a lokacin sai an yo odarsa daga Ingila, da tsadar gaske.

Abin da ya ruɗe ka bakan gizo ne, wato ɗaurin bakan da ke riƙe rufin ɗaki, kuma shi ba ruwansa da addini. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cinta, amma in ka shimfiɗa ta fiye da kamar mita 2 ka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Magini mai son ɗaki mai faɗi dole ya dasa azara a cikin bango, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, haka daga kowane ɓangare har su haɗu a sama, sannan ya lulluɓe da laka. Ko liman ne zai tsaya a ƙasa ko fasto, lissafin ɗaya ne. Kaurin bangon tubali kuma shi ke riƙe sanyi a watan Afrilu.

Batun dabara kuwa, ban yarda ba. Masu ibada a ciki Hausawa ne da masu jin Hausa, da harshen suke waƙa, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. A Wusasa Yakubu Gowon ya tashi, a makarantar mishan ta garin kuma Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu. Wane irin gini kake so su yi?

Ni abin da ke damuna daban ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, maginan da suka iya ɗaurin baka kuma sai raguwa suke. Wanda ya shafe irin wannan bango da siminti ya kulle danshi a ciki, ƙasar ta riƙa rubewa ba a gani. In ka je Wusasa, tambayi wa ke yin yaɓen yanzu, da ko yana da yara masu koyo.

Ka huta lafiya.