Wanke jini kaɗai ba ya raba yaro da ƙwaya

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da iyaye da yayye irina, waɗanda Allah ya jarabce su da yaro mai shan tiramol ko kodin.

Ƙanina sau biyu muna kai shi rihab, wato cibiyar raba mutum da shaye-shaye, ya fito fes ya yi ƙiba, mu yi ta murna har da sadaka, kafin wata biyu ya koma 'yar gidan jiya. Mu a zatonmu da an wanke masa jini shikenan, ashe ciwon gaɓoɓi da gudawa da gumin nan da ke zuwa idan an daina sha cikin sati ɗaya zuwa biyu suke lafawa, amma ƙishin abun yana nan a ƙwaƙwalwa, da ya wuce ta majalisarsu ta da, ko ya yi cacar baki da Baba, ko kuɗi suka shigo aljihunsa sai abun ya motsa.

A karo na uku ne likita ya haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam, duk sati suna zama, su suna ce masa CBT. Wallahi da farko na raina abun, na ce surutu ne kawai. Ashe sa shi ake yi ya rubuta duk abin da ke tayar masa da sha'awar, wane lokaci, da su wa, wane tunani ne ya fara zuwa masa, sai a koya masa yadda zai yi idan ta taso, ya bar wajen, ya kira wani, ya daure tunda ba ta daɗewa take sauka. Har yadda zai ce a'a idan dila ya kira shi sai da suka gwada. Mu ma an kira mu, aka ce mu daina kiransa ɗan ƙwaya, mu daina ba shi kuɗi a hannu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne da likitan ya ce wanda ya daina na wani lokaci jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi da ƙwayar, in ya koma ya sha adadinsa na da numfashinsa zai iya tsayawa.

Binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 ya ce mutum miliyan 4.6 ne a Najeriya suke shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba. A shekarar aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, NDLEA kuma tana ta kamu, madalla, to amma wanda ya riga ya kamu fa? Rashin wajen zuwa ne yake sa iyaye kai yaro gidan mari, duk mun ga abin da aka gano a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019.

Roƙona ga gwamnonin Arewa, ku ɗauki irin waɗannan masana aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, kar sai an je asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Ƙanina yau watansa tara bai taɓa ba, Alhamdulillahi, amma kuɗin motar zuwa zaman nan duk sati ni nake haɗawa da ƙyar.

Taku,
Wata yaya daga jihar Kano