Ba ƙyalƙyalin firem ne abin dubawa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da mutane ke rainawa, wato sa hoto ko zayyana cikin firem. Abin ya ci ni ne shi ya sa.

Akwai hoton mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, baƙi da fari, ya sha rawani ranar da ya dawo daga Makka, kuma shi kaɗai ne hoton shi da muke da shi a duniya. Na kai wa wani mai firem nan cikin gari, ya nuna min wani mai ruwan gwal, ni ko ido ya rufe na ce shi nake so. Ashe bawan Allah ya manna hoton ne kai tsaye jikin gilashi, ya sa kwalin indomi a baya ya buga ƙusa. Damina biyu kacal, bangon falon namu dama yana jan ruwa, sai muka ga wajen gemun Baba ya yi wani tabo kamar an ɗiga mai. Da na zo cirewa wallahi rabin fuskar ta bi gilashin, Inna ta kalla ta juya kai ba ta ce komai ba, ni na san abin da na ji ranar.

Mu nan Sakkwato abubuwa sun mana yawa, ga rana da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, ga gara. To dole a bar 'yar tazara tsakanin takarda da gilashi, ana yanka farin kati mai kauri a zagaye gefen hoton, shi ke hana su haɗuwa. Bayan kuma a rufe shi ruf da tef, kuma kwalin kaya dai a guje shi, shi ne ke sa takarda ta koma ruwan ɗorawa. Kar a rataye inda rana ke faɗowa ta taga, launi kwashewa yake yi. Zayyana ma ta fi hatsari, tunda tawadar malamanmu da ƙaro ake haɗa ta, ɗan laima kaɗan ta narke.

Sai masu kai komai a yi laminetin, har takardun kakanni na ajami! In leda ta kama da zafi shi ke nan ba ta fita. Je ka Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ka tambaya ko haka ake adana rubutun da. A yi sikanin, a wanke kwafi a rataye a falo, na asalin a ajiye shi a fayil cikin akwati.

Namu dai yanzu wani yaro mai kwamfuta na kai wa ragowar, ya ce zai gwada gyara fuskar, amma Inna ta riga ta ce hancin ba na Baba ba ne.

Naku,
Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato