Kafin Jirginku Ya Tashi Zuwa Kano

Assalamu alaikum, ya ɗana Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya Jidda, ya karatu? Ummanka ta shaida mini an sa sunanka cikin ɗaliban da jami'arku za ta kai Kano don ganin al'adu da wasannin gargajiya. Na yi murna, na kuma amince. Allah ya sa a je a sa'a.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kai kaɗai ne mai jin Hausa a cikin tawagar, ka ga ke nan duk abin da abokanka Larabawa za su fahimta game da mutanenmu, ta bakinka zai bi. Tafinta amana ce. Kada kunya ta sa ka rage, kada son burgewa ya sa ka ƙara. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka juya ka tambayi 'yan gari. A Makka aka yanke maka cibi, Hausarka ta gida ce, gauraye da Larabci. Za a yi maka dariya a kasuwar Kurmi, kar ka damu, da dariyar za ka gyara bakinka.

Na ji za a kai ku gidan dambe, kuma can ne na fi jiye maka. Abokanka za su ga ƙarti biyu a fili, kowa ya naɗe hannu ɗaya da zare, ɗaya hannun a buɗe yana karewa da shi, su ce ai faɗa ne kawai. Ka bayyana musu yana da ƙa'ida. Turmi uku ake yi. Wanda ya kai ƙasa, ko da gwiwa ko hannu ne ya taɓa, an kashe shi ke nan, kuma ba mutuwa ake nufi ba, tashi zai yi su gaisa. In turmi uku ya cika babu kisa, alƙali ya raba su. Asalinsa wasan mahauta ne, bayan kaka suke bin garuruwa in amfanin gona ya zo gida. Har yau 'yan dambe rukuni-rukuni ne, Kudu da Arewa da Guramada, kowa da magoya bayansa. Ka kasa kunne ga kalangu da kirari, don mai ganga sunan ɗan wasa yake kira da na ubangidansa, rabin wasan yana nan. In sun kasa ganewa, tuna musu da mizmar, wasan sandar Hijaz, su ma ai ba sa yinsa sai da ganga. Amma ban yarda ka ɗaura zare ka shiga fili ba, ko da wasa. In koyo ne, su nuna maka tsayuwa da kariya a gefe. Za ka ga layu da guraye a damtsen wasu. Kada ka karɓa, kada kuma ka tsaya yi musu wa'azi a bainar jama'a, baƙo ne kai.

Haka a masallaci. Za ku ga masu sakin hannu a sallah. Mazhabar Malikiyya ce, Imamu Malik kuwa mutumin Madina ne. Faɗa musu tun kafin wani ya yi suɓutar baki.

Ku hau Dala, ku shiga Gidan Makama, ku leƙa marinar Ƙofar Mata inda ake rini da baba tun 1498. In tafiyar ta dace da Sallah, ku tsaya Hawan Daushe. Hawan Kano ai UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2024.

Akwai wani abu kuma. Da zarar an ji daga Makka kake, za a girmama ka fiye da shekarunka, tsofaffi ma su ce ka yi musu addu'a. Darajar Ɗakin Allah ce suke gani, ba taka ba, don haka kai ne za ka riga su durƙusawa. Kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903, suka ratsa Sudan suna noma suna ci gaba, har suka tsallako teku daga Sawakin. Jikokin irin waɗannan matafiya ne Usama da Umar da Mu'utaz Hausawi, da Saudiyya ta je da su gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Abokanka sun san su sarai, amma ba lallai su san inda sunan ya samo asali ba. Yanzu za su gani da idonsu.

Kada ka manta da katin allurar shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma ka riƙa kwana cikin gidan sauro. Ba yawon dare, duk inda za ka malaminku ya sani. Ummanka ta ɗaure dabino da zamzam na gwaggonka ta Fagge. Ka nemi izini ka kai mata da hannunka, ka zauna ka ci abin da ta ba ka. Ka biyo gida ranar Juma'a ka karɓa.

Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Misfala, Makka.