Godiya ga ma'aikatan kamfanin da ke riƙe mana shafin makaranta

Assalamu alaikum. Na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, musamman ƙanwata da ke sashen taimakon abokan hulɗa, wadda ta riƙe matsalarmu hannu bibbiyu.

Makarantarmu na amfani da manhajar Moodle wajen darussa da gwajin ɗalibai. Da muka zo ɗaga ta zuwa sigarta ta 4.2 sai ta cije, domin ba ta aiki sai da PHP 8.0 ko sama da haka (PHP shi ne harshen kwamfuta da aka rubuta Moodle da shi). Sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu) da muke haya a wurin wani kamfani a lokacin kuwa tana kan PHP 7.4, wadda aka daina toshe mata kafofin kutse tun Nuwamba 2022. Wancan kamfanin, ba sai na kama suna ba, ya gasa mana aya a hannu. Ka kira, ba mai ɗauka. Ka aika saƙo, amsar ɗaya ce kullum: ana dubawa. Daga bisani suka ce sai mun ƙara kuɗi. Ga jarrabawa ta ƙarato, malamai sai tambayata suke yi.

Da muka dawo wurinku, kafin baiwar Allahn nan ta taɓa komai sai da ta adana kwafin bayananmu. Ta ɗora PHP 8.1, ta kunna wasu ƙarin sassansa biyu, intl da sodium, ta ɗaga max_input_vars (iyakar yawan bayanan da sabar ke karɓa a turi ɗaya) daga 1000 zuwa 5000 kamar yadda Moodle ke nema. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tambayar da ta yi mini: wane irin girma takardun malamai ke da shi? Ashe an bar iyakar lodawa a megabait 2, abin da ba ya ɗaukar takardar darasi mai hotuna. Ta gyara, ta kuma fahimtar da ni cewa in ba a ɗaga post_max_size (iyakar girman duk abin da ake turawa a lokaci ɗaya) tare ba, aikin banza ne. Har ta tuna mini in goge fayil ɗin phpinfo, mai nuna yadda aka saita PHP, kada ya tona asirin sabar ga duk mai wucewa. Allah ya saka mata da alheri, ya ƙara buɗi.

Wallahi abin takaici ne yadda wasu ke karɓar kuɗin shekara cif, amma su bar makarantu da ƙananan 'yan kasuwa a kan tsohon PHP, su kuma riƙa yi wa mutum kallon jahili don kawai ya yi tambaya.

Naku,
malamin kwamfuta a wata sakandare a Zariya