Wasiƙa: A ba kiɗa mai sanyi gurbi a rediyoyinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya kai da ma'aikata. Daga Garwa nake rubuto maka, nan arewacin Kamaru, kuma maganar kiɗa ce ta kawo ni, wani irin kiɗa da Turawa ke ce ma downtempo wanda gaskiya ina ganin an bar mu a baya wajen saninsa alhali ya fi dacewa da kunnenmu fiye da yawancin abin da ake cika mana kunne da shi.

Kiɗa ne na na'ura amma mai tafiya a hankali. Kiɗan rawa na kulob bugunsa yakan kai 120 zuwa 130 a minti ɗaya, shi kuwa wannan yana wajajen 90 ne ko ƙasa da haka, kaga kenan babu gaggawa a cikinsa. Yadda ake haɗa shi ma abin sha'awa ne, mai haɗawa zai ɗauko guntun ganga daga tsohon faifan funk na Amurka irin na shekarun 1970, ya rage masa gudu, ya sa yana maimaita kansa, sannan ya ɗora bes mai nauyi a ƙasa, sai fiyano na lantarki ko kakakin jaz ya riƙa shigowa jefi-jefi, a bayansu duka kuma akwai wani sauti mai shimfiɗa da ba ya hawa ba ya sauka, shi ne ambient ɗin, wanda Brian Eno na Ingila ya yi suna da shi tun 1978 da ya yi faifai musamman don filin jirgin sama. Sau da yawa babu waƙa ko kaɗan, in ma akwai murya to 'yar kaɗan ce. A garin Bristol na Ingila abin ya yi ƙarfi farkon shekarun 1990 a hannun su Massive Attack da Portishead, daga nan ya bazu zuwa Biyana da Faris har Washinton.

To me ya sa nake son shi haka? Saboda yana barin mutum da tunaninsa. Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san bayan isha'i jiki ba ya son hayaniya. Amma ka buɗe FM ko ka ratsa kartiye, daga nanaye mai otatun sai kufe-dekale, wato kiɗan rawa na Kodebuwa, sai kiɗan Legas, kowanne da gudu, kowanne lasifika a ƙure. Ba raina su nake ba wallahi, ranar biki su ake nema kuma suna da ranarsu. Sai dai tela da ke kan keke har dare, da ɗalibin da ke bitar bakaloriya, da matafiyin da ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zai kwana a hanya kafin ya ga Yawunde, su ma ai suna da haƙƙin samun abin da zai raka su ba tare da ya yi musu ihu a kai ba. Kamar shayi ne a kan gawayi, a hankali yake nuna kuma wanda ya iya zama shi ke jin daɗinsa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ba baƙonmu ba ne. Ka saurari mai gurmi ko mai garaya, zai kama ɗan gajeren karin kiɗa ɗaya ya yi ta juya shi, yana ƙara kaɗan yana rage kaɗan har ka manta da lokaci, wannan maimaitawar dai ita ce ƙashin bayan downtempo, su da na'ura suke yi mu da yatsa. Kuma namu sun riga sun gwada tun da daɗewa. Francis Bebey ɗan Duwala tun shekarun 1970 yake haɗa na'urar kiɗa da kayan gargajiya, har aka sake tattara waɗannan ayyukan nasa a Faransa a 2012. A Yamai kuwa Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ɗin lantarki a 1978, mai sanyi ƙwarai, gidan rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Shi ma St Germain na Faransa da ya tashi yin faifansa na 2015 makaɗan Mali ya nema, masu kora da ngoni da balafon. In na Mali sun shiga, me zai hana goge da kuntigi da algaita?

Yaranmu na situdiyo a Garwa da Marwa da Kusiri har Njamena suna da kwamfuta suna da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, abin da ya rage kawai su rage gudu su bar fili a cikin kiɗan, ba sai an cike kowane lungu da sauti ba. Su je wurin tsofaffin makaɗa su naɗi hannunsu tun suna raye, amma dan Allah da izininsu, a biya su, a kuma sa sunansu, don ɗaukar kiɗan dattijo a ɓoye a ɗora masa ganga zalunci ne ko da ya yi daɗi.

Roƙona guda biyu ne Malam Edita. Ku buɗe ɗan fili a shafinku na nishaɗi ku riƙa gabatar da irin waɗannan makaɗa, sannan ku taya mu isar da saƙo ga masu gidajen FM na arewacin Kamaru da Chadi su ware ko awa ɗaya ce a mako, daga goma na dare zuwa sha ɗaya, babu surutu babu gaishe-gaishe a tsakiya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka, mai karatu daga Garwa, Kamaru.