Ba kowane ɗan ƙwallon kwando ne daɗewa a jami'a ke ɗaga darajarsa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, ina kuma yaba muku da kuka fara ba ƙwallon kwando fili a shafin wasanni, bayan an daɗe ana cika mana shi da Firimiya da Laliga. Sai dai akwai wata magana da ake yawan maimaitawa duk lokacin da zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, ya ƙarato a watan Yuni, har ta shigo sharhinku na kwanan baya. Wai yaron da ya yi haƙuri ya cika shekara huɗu a jami'a shi ne ƙungiyoyi za su fi rububinsa. Magana ce mai daɗin ji, musamman a kunnen iyaye, amma abin da ke faruwa a Amurka bai gaskata ta ba.

Ƙungiyoyi 30 ne ke zaɓen, zagaye biyu, wato gurbi 60 a shekara ga duniya baki ɗaya. A da yaro kan tsallako daga sakandare kai tsaye, kamar Kevin Garnett a 1995, Kobe Bryant a 1996 da LeBron James a 2003. Daga zaɓen 2006 aka rufe wannan ƙofa. Dole ɗan wasa ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen, wanda ya yi sakandare a Amurka kuma sai ya shekara da gamawa. Wannan doka ce ta haifar da yaran da ke shiga jami'a su buga kaka ɗaya su kama gabansu. Rabon da a ɗauki ɗan ajin ƙarshe a matsayin na ɗaya tun Kenyon Martin na jami'ar Cincinnati a 2000. Daga John Wall a 2010 zuwa Paolo Banchero a 2022, mutum 13 ne a jere, kuma kowannensu kaka ɗaya tak ya yi. A 2023 da 2024 Faransawa biyu ne suka zo na ɗaya, Victor Wembanyama da Zaccharie Risacher, ba su ma taka jami'ar Amurka ba. A 2025 aka koma gidan jiya da Cooper Flagg na jami'ar Duke, shi ma mai kaka ɗaya.

Duk wanda ya taɓa sayen dabbar kiwo ya san dalili. Mai neman riba maraƙi yake dubawa, ya lura da ƙashinsa da tsayin ƙafarsa, ya ƙiyasta abin da zai zama bayan shekara biyu. Bijimin da ya gama girma an riga an san iyakarsa. Haka masu farautar 'yan wasa suke lissafi. Idan yaro mai shekara 19 bai iya jefa ƙwallo daga nesa ba, sai su ce za a koya masa. Idan mai shekara 22 ne, sai su ce ai haka Allah ya yi shi. Kowace kaka da ɗan wasa ya ƙara a jami'a, ƙarin bidiyo ne da za a zauna a tsefe ana neman aibinsa, ga kuma sababbin yara na tasowa a bayansa da ba a kai ga gano nasu aibin ba.

Joakim Noah, jikan Kamaru, ya ci kofin jami'o'i da Florida a 2006, a lokacin ana hasashen zai shiga sahun farko-farko. Ya koma makaranta, ya sake cin kofin a 2007, amma da aka zo zaɓe na 9 ya zo. Jared Sullinger na Ohio State ya ƙi fitowa bayan kakarsa ta farko da sunansa ke tashe. Da ya fito a 2012 likitoci suka nuna damuwa kan bayansa, ya gangaro zuwa na 21. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda zama gwarzon jami'o'in Amurka gaba ɗaya ba ya tsinana wa mutum abin kirki a ranar zaɓe. Luka Garza na Iowa ya karɓi wannan kambu a 2021, aka ɗauke shi na 52. Oscar Tshiebwe, ɗan Kongo da ya buga wa Kentucky, ya karɓa a 2022, ya ƙara shekara guda, a 2023 aka gama zaɓe babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Jalen Brunson ya yi shekara uku a Villanova, ya ci kofi biyu, shi ne gwarzon 2018, amma sai a zagaye na biyu Dallas ta ɗauke shi, na 33. Draymond Green ya cika huɗu a Michigan State ya zo na 35 a 2012. Wani zai ce ai Brunson da Green sun kunyata waɗanda suka tsallake su. Gaskiya ne, kuma ina ganin ƙungiyoyi kan wuce gona da iri wajen son ƙuruciya. Amma zancen da muke yi shi ne matsayi a ranar zaɓe, kuma a nan shekarun da suka yi a jami'a ba su ɗaga su ba.

Akwai waɗanda zaman ya amfana, ba na musu. Blake Griffin ya ƙara shekara ta biyu a Oklahoma ya zo na ɗaya a 2009. Stephen Curry ya yi uku a Davidson ya zo na 7 a wannan shekarar. Damian Lillard ya yi huɗu a Weber State ya zo na 6 a 2012. Curry da Lillard daga ƙananan makarantu suka fito, suna bukatar lokaci kafin a san da zamansu. Buddy Hield ya yi ta gyara jifarsa ta nesa har ya kai maki 25 a kowane wasa a shekarar ƙarshe, ya zo na 6 a 2016. Zach Edey na Purdue, dogon nan ɗan Kanada, a 2023 zagaye na biyu ake masa hasashe. Ya janye sunansa, ya koma, ya sake zama gwarzo, ya nuna ƙafarsa ta ƙara sauri, Memphis ta ɗauke shi na 9 a 2024. Kowanne a cikinsu ya dawo da wani sabon abu a hannu. Wanda ya koma ya maimaita abin da aka riga aka san ya iya, shekara kawai ya ƙara.

Dattawa kan kawo misalin Hakeem Olajuwon da Michael Jordan a zaɓen 1984, ɗan Legas na ɗaya, Jordan na 3. To, su ma kaka uku-uku suka buga suka fita da saura ɗaya a gabansu. Tim Duncan ne misali na gaskiya, wanda ya cika huɗu a Wake Forest saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa kafin ta rasu cewa zai gama digiri, kuma ya zo na ɗaya a 1997. Wancan zamani ne daban.

Sai batun kuɗi. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu, ƙungiya kuma na da zaɓin riƙe shi a ta uku da ta huɗu kan farashin da aka ƙayyade. Babban kuɗin yana cikin kwantiragi na biyu, don haka duk shekarar da haziƙi ya ƙara a makaranta ya jinkirta isa can ne. Ɗan zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci sai abin da wakilinsa ya iya ciwo masa. A nan ne lissafi ya canza kwanan nan. Tun Yulin 2021 aka yarje wa 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa raba musu kuɗi kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace makaranta. A zaɓen 2025 mutum 106 kawai suka nemi fitowa da wuri, alhali a 2021 sun haura 350. Yaron da ake wa hasashen na 40 yanzu yana iya samun abin da ya fi na kwantiragin farko yana zaune a makaranta. Wannan dalili ne mai kyau na zama, amma na aljihu ne, ba wai ƙungiyoyi sun daina duba shekarun haihuwa ba. Yaranmu na Afirka ma suna da ƙarin cikas, domin bizar ɗalibi tana taƙaita irin aikin kuɗin da baƙo zai yi a cikin Amurka.

'Yan Nijeriya sun ɗanɗana kowane ɓangare. A 2020 Precious Achiuwa na Fatakwal, mai kaka ɗaya a jami'ar Memphis, ya zo na 20, Udoka Azubuike mai huɗu a Kansas ya zo na 27. Charles Bassey ya koma Western Kentucky shekara ta biyu, ya samu karaya a ƙafa a Disamban 2019, sai a 2021 Philadelphia ta ɗauke shi na 53.

Inda sharhinku ya yi daidai shi ne kan sauran jama'a. Kusan ɗaya cikin ɗari ne na 'yan wasan jami'o'in Amurka ke samun a ɗauke su a zaɓen. Ga ragowar, tallafin karatun da takardar digirin su ne ribar tafiyar, kuma wannan ya kamata a gaya wa yaran da ke atisaye a Kano da Kaduna ba tare da an haɗa musu da alkawarin NBA ba. Masai Ujiri, wanda ya tashi a nan Zariya, bai taɓa buga wasa ɗaya a NBA ba, amma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofi a 2019.

Ina roƙon idan Yuni ya zagayo ku riƙa sa shekarun kowane ɗan wasa kusa da lambar da aka ɗauke shi. Ku kuma yi wa masu karatu bayanin gwajin da ake yi a Chicago a watan Mayu, inda ɗalibin da aka gayyata ke iya zuwa a auna shi, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, sannan yana da kwana 10 bayan an tashi ya janye sunansa ya koma makaranta ba tare da ya rasa damar buga mata wasa ba.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Samaru, Zariya