Sanarwa: Zaman Alhamis Kan Inda Za Mu Fara Karanta Bayanan Kinesis

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Alhamis bayan La'asar, ƙarfe 4:30, a ɗakin taro, mu tsayar da magana kan wurin da sababbin manhajojinmu za su riƙa fara karanta bayanai daga Kinesis, wato tsarin kamfanin Amazon da ke karɓar bayanai suna shigowa ya ajiye su don manhajoji su karanta.

Abin da ya faru makon jiya ne ya jawo zaman. Mun kunna manhajar lissafi a kan LATEST, wato abin da ya shigo bayan ta tashi kaɗai take ɗauka. Cinikin safe kaf ya wuce ta, sai da yamma muka ga jadawali da wawakeken giɓi. Da TRIM_HORIZON muka sa, da ta faro daga mafi tsufan abin da ke ajiye. Shi ma da nasa: sai ta gama da tulin baya kafin ta kamo na yanzu, kuma awa 24 Kinesis ke riƙe bayanai in ba a ƙara wa'adi ba. Ni dai na fi son AT_TIMESTAMP, ka ba shi lokaci ya faro daga nan.

Kafin Laraba da dare, kowa ya rubuto a nan wanne daga cikin zaɓuɓɓukan nan uku manhajarsa take kai da dalilinsa. Masu amfani da KCL (Kinesis Client Library, kayan aikin da manhaja ke karanta Kinesis da shi) ku leƙa teburinku na bayanai a DynamoDB, wato rumbun bayanai na Amazon inda KCL ke rubuta inda karatu ya tsaya, domin in akwai alamar inda aka tsaya, daga can za a ci gaba, ko me ka zaɓa. Don Allah kada kowa ya goge teburin nan kafin mu haɗu.

Na gode, Allah ya kai mu.